Ɓarayin gidan caca kashi na biyu: ni ne ban gane ba, ko fim ɗin ne da matsala?

Tambaya daga wani matashi a Mabera, Sakkwato: Malam, barka da aiki. Na kalli fim ɗin nan na ɓarayin gidan caca, Ocean's Eleven, ya yi mani daɗi ƙwarai. Na koma wurin mai tura fina-finai ya sa mani na biyunsa, Ocean's Twelve. 'Yan wasan su ne dai, hoton ma ya fi na farko kyau, amma har ya ƙare ban san mi anka yi ba, kuma raina bai so shi ba. Abokaina na majalisa sun ce kaina ne bai ɗauka ba. Ni ne ban gane ba, ko fim ɗin ne da matsala? Ina koyon rubuta labarin fim, shi ya sa nake son in sani.

Amsa:

Ƙanena, kanka lafiya lau yake. Abin da ka ji a ranka shi ne abin da masu kallo da yawa suka ji tun fitowar fim ɗin a watan Disamba na 2004, kuma dalilinsa yana cikin ginin labarin. Tunda ka ce rubutu kake koyo, zan warware maka shi filla-filla. Sai dai dole in tona asirin ƙarshen fina-finan biyu, don haka wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, ya dakata nan.

Fim ɗin sata irin wannan alkawari ne tsakanin marubuci da mai kallo. Marubuci ya ce maka: ga wurin da ba ya shiguwa, ga abin da ke ciki, ga mutanen da za su shiga, zauna ka ga yadda za a yi. Daɗin kallon duk yana cikin "yadda za a yi" ɗin nan. Kowa ya san jarumai za su yi nasara, ba wanda ke zaune yana shakkar hakan. Abin da ke riƙe mutum a kan tabarma har tsakar dare shi ne ganin gwanaye suna aiki, kowa da fanninsa, ana cin karo da matsala ana warware ta a gaban idonsa. An yarda marubuci ya ɓoye abu guda don ya ba ka mamaki a ƙarshe, amma da sharaɗin ya ajiye shi a inda idonka ya wuce ta kai, ta yadda in ka sake kallo za ka ce, af, ashe ga shi nan.

Dubi yadda na farkon ya cika wannan alkawari. Ya fito a 2001, Steven Soderbergh ne darakta, Ted Griffin ya rubuta, kuma sabuntawa ce ta wani tsohon fim na 1960 da Frank Sinatra ya ja. Danny Ocean, wanda George Clooney ya fito a matsayinsa, yana fitowa daga kurkuku ya fara tara mutane, su sha ɗaya har da shi. Kafin a yi nisa an shimfiɗa maka komai. Gidajen caca uku ne a Las Vegas, Bellagio da Mirage da MGM Grand, duka na mutum ɗaya, Terry Benedict, kuma kuɗinsu a ma'ajiya ɗaya suke kwana a ƙarƙashin Bellagio. An gaya maka me ya sa kuɗin ke da yawa: doka ta wajabta wa gidan caca ya ajiye tsabar kuɗi daidai da abin da ake wasa da shi a falonsa, kuma daren babban dambe ya fi kowane dare cika. An lissafa maka ƙofofi, da lambobin sirri da ake canjawa, da na'urar hawa da sauka, da masu gadi da bindiga. Har tsoho Reuben, attajirin da ke ɗaukar nauyin aikin, ya ba su labarin waɗanda suka taɓa gwadawa a baya da yadda kowanne ya ƙare. Dattijon cikinsu, Saul, ya yi tambayar da ke bakin kowane mai kallo: to in mun shiga, yaya za mu fito da wannan uban kuɗi ba a tare mu ba? Fim ɗin ya bar tambayar a rataye da gangan. Ita ce abu ɗayan da ya ɓoye, kuma ya sanar da kai cewa ya ɓoye ta.

Sannan kowa cikin sha ɗayan nan yana da aikin da in babu shi an tsaya. Yen, ɗan wasan tsalle-tsalle daga Sin, shi kaɗai zai iya lanƙwashewa cikin keken tura kuɗi a shiga da shi ma'ajiya. Basher ne zai ɗauke wutar gari na ɗan lokaci. Livingston ne mai kyamarorin tsaro. Linus mai yankan aljihu ne zai zare lambobin daga jikin Benedict. Saul ya zama attajirin bogi mai jakar duwatsu masu daraja, alhali abin fashewa ne a ciki. Kuma abubuwa suna lalacewa da gaske. Ƙofar mota ta datse hannun Yen, daga baya bandejin ya maƙale a daidai lokacin da ake shirin fasa ƙofa yana jikinta. Danny ya danna abin tayar da fashewar, shiru, ashe batir ya mutu. Waɗannan ƙananan matsaloli su ne ke sa mai kallo ya matso gaba, domin ya san shirin, ya san abin da zai faru in aka makara.

Da aka zo buɗe sirrin, sai ka tarar an yi maka adalci. Ka ga lokacin da suka gina ma'ajiyar kwaikwayo a wani ɗakin ajiya, ka ɗauka don gwaji ne kawai. Ashe a can suka ɗauki hoton satar ƙarya suka sa wa Benedict a allonsa, ya kira 'yan sandan kwantar da tarzoma, su kuwa ɓarayin ne cikin kayan 'yan sandan, suka shiga da izininsa suka fito da kuɗinsa. Benedict ya gane ne saboda an rubuta sunan Bellagio a daɓen ma'ajiyarsa kwanaki kaɗan kafin nan, hoton da aka nuna masa kuwa babu rubutun. Akwai ma ɗan turaren mota mai siffar bishiya da kyamara ta tsaya a kansa tun da farko ba bayani, sai a ƙarshe ka gan shi yana lilo cikin motar 'yan sandan bogin. Ba na cewa fim ɗin ba shi da ɓaraka. Ba a taɓa nuna yadda jakunkunan takardun banza da aka musanya da kuɗin suka shiga ma'ajiyar ba. Amma mai kallo ya yafe wannan, domin an riga an ƙosar da shi.

Alfred Hitchcock, tsohon daraktan nan ɗan Ingila, yana da wani misali da duk mai koyon rubutun fim ya kamata ya riƙe. Mutum biyu suna hira a tebur, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashinsu: mai kallo zai firgita na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Amma in an nuna wa mai kallo bam ɗin tun farko, an nuna masa agogo, to hirar nan ta banza sai ta zama abin da zai kalla zuciyarsa na dukan uku-uku har tsawon kwata, wato minti goma sha biyar. Ocean's Eleven ya nuna mana bam, ya nuna mana agogo, sannan ya ƙara mana da firgita guda a ƙarshe. Na biyun ya zaɓi firgitar kaɗai.

Abu na farko da za ka lura da shi a Ocean's Twelve, babu gidan cacar da za a fasa. Labarin ya tashi daga Las Vegas ya koma Turai. Benedict ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su wa'adin mako biyu su dawo masa da dala miliyan 160 da suka sata, da kuɗin ruwa a kai, ko su baƙunci lahira. Sun ci kusan rabi. Amurka ta yi musu zafi, sai suka nufi Amsterdam neman aiki. Wannan mafari ne mai kyau, ban da abin cewa a kansa. A nan ne ma aka kawo dabarar da ta fi kowace armashi a fim ɗin. Za su saci takardar hannun jari ta kamfanin kasuwancin Holan na gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1602, daga gidan wani attajiri da ba ya taɓa fita waje. Suna son harba wata na'ura ta taga don kashe ƙararrawar gidan, amma saitin ya kauce da ɗan kaɗan. Gidajen Amsterdam a kan turaku suke tsaye cikin laka da ruwa, sai suka ce to a ɗaga gidan gaba ɗayansa. Ka ji tunani. Da a fim na farko ne, da an ba wannan aiki kwata guda ana nuna gumi da lissafi da fargaba. Nan kuwa an bi ta kansa a gurguje, yawancinsa ma ta bakin jami'ar Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, mai suna Isabel, muke jin sa bayan an gama. Da suka buɗe akwatin kuma sai suka tarar wani ya riga su. Satar farko ke nan, ta leƙo ta koma.

Wanda ya riga su shi ne François Toulour, attajirin ɓarawo Bafaranshe mai zaune a bakin tafkin Como a Italiya. Shi ne ya tona musu asiri wurin Benedict. Dalilinsa kuwa, wani ya ce a gaban ubangidansa LeMarc wai Danny Ocean ne ɓarawon da ya fi kowa, ubangidan bai musa ba. Sai ya gindaya musu gasa: a saci ƙwan zinariya na naɗin sarauta da za a baje a wani gidan tarihi a birnin Rum. In su Danny suka riga shi, zai biya musu bashinsu. Ƙwan nan akwai shi da gaske. Gidan maƙeran Fabergé ne ya yi shi a 1897 ga sarkin Rasha Nicholas na Biyu, ya ba matarsa Alexandra, kuma a cikinsa akwai ɗan ƙaramin keken doki irin wanda ta hau ranar naɗi.

Daga nan ne aka fara cin amanar mai kallo. Aka nuna mana shiri: za a musanya ƙwan da wani hoton haske mai kama da shi. Aka fara aiki, aka kame yawancinsu. Saura 'yan ƙalilan suka ruɗe, suka ɗauko Tess matar Danny daga Amurka don ta yi shigar fitacciyar 'yar wasa Julia Roberts, alhali Julia Roberts ɗin ce ke fitowa a matsayin Tess. Ga Bruce Willis ya faɗo a matsayin kansa yana neman tona ta. Wannan ma ya watse, aka kame su. Sai wata jami'a daga Amurka ta zo ta karɓe su duka daga hannun hukumar Italiya, ashe mahaifiyar Linus ce cikin shigar burtu. Bayan duk wannan, Danny ya je gidan Toulour, Toulour ya gama alfaharin yadda ya sace ƙwan, sannan aka ce masa na hannunsa jabu ne. Na ainihin tun kafin ya iso Rum suka ɗauke shi. LeMarc ne ya tsegunta musu cewa jerin motocin tsaro da ke rakiyar ƙwan duk rufa-ido ne, na gaskiyar yana cikin jakar goyo a bayan wani mutum a jirgin ƙasa daga Paris. Suka tayar da rigimar ƙarya a cikin jirgin, aka musanya jaka. An gama. Wannan ita ce satar da aka gina fim ɗin a kanta, kuma an nuna ta cikin 'yan mintoci, a waiwaye, bayan komai ya wuce.

Na taɓa nuna wa ɗalibaina wannan wuri a aji. Ana gama shi wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaushe sunka ɗauke shi? To wahalar mi munka kwashe awa muna kallo?" Tambayarsa ita ce hukuncin fim ɗin. Duk abin da muka gani a Rum, kamun da ruɗewar da kiran Tess, wasan kwaikwayo ne da suka shirya don Toulour da ke leƙen asirinsu. Amma ba Toulour kaɗai aka yi wa ba, har da mu. Mun ga mutanen da suka san ƙwan yana hannunsu suna zufa suna kai-kawo kamar duniya ta tashi, mun tausaya musu, ashe babu abin da ke cikin haɗari.

Ka san yadda ake taruwa kan masu dara a inuwar dogon yaro bayan la'asar. Gurbi talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, komai a fili. Masu kallo sun yi shiru suna lissafi a zuci, in gwani ya yi wani motsi da ba wanda ya hango sai wuri ya kaure, domin kowa ya ga gurbin nan, shi kaɗai ya ga amfaninsa. To ka ƙaddara an kwashe awa ana bugawa, mutum yana ta rasa 'ya'ya, sai ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce ai tun jiya da dare shi da abokin wasansa suka buga a cikin gida kuma ya ci. Ko gaskiya ya faɗa, ba wanda zai yaba masa, kuma gobe ba mai zama kallonsa.

Abokanka za su iya cewa ai na farkon ma yaudara ce. Akwai bambanci babba. A na farko an yaudare mu kan hanyar fita kawai, sauran aikin duk na gaske ne: Yen yana cikin ma'ajiyar da gaske, hannunsa ya maƙale da gaske. Buɗe sirrin ya ƙara wa abin da muka gani daraja. A na biyu buɗe sirrin ya soke abin da muka gani. Kuma babu wata alama da aka ajiye wadda mai lura zai kama ya hango jirgin ƙasan nan. Nasarar ma ba gwanintarsu ce ta kawo ta ba, wani dattijo ne da ke zaune can nesa ya ba su amsa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna, wato zuciyar labarin. A na farko kuɗi ba su ne ainihin abin da Danny ke nema ba. Tess yake son dawowa da ita, wadda ta rabu da shi tana tare da Benedict. Shi ya sa ƙololuwar fim ɗin ba a ma'ajiya take ba, tana wurin da Danny ya tambayi Benedict ko zai haƙura da Tess in an dawo masa da kuɗinsa, ya ce e, ita kuwa tana kallo ta talabijin. Satar da soyayyar igiya ɗaya ce. A na biyu an so a yi haka da Rusty, na hannun daman Danny, da Isabel, tsohuwar budurwarsa da ke farautarsu, wadda a ƙarshe aka gano 'yar LeMarc ce da aka ce mata mahaifinta ya mutu. Labari ne da zai iya taɓa zuciya, kuma Catherine Zeta-Jones, wadda ta fito a matsayin Isabel, ta yi ƙoƙari. Amma mahaifin sai a ƙarshen ƙarshe muka gan shi, haɗuwar tasu ta zo kamar ƙarin bayani. Benedict kuma, wanda a na farko ko tafiyarsa tana sa mutum shan jinin jikinsa, nan ya ba da wa'adi ya koma gefe. Ana rubuta kwanakin da suka rage a allo, amma ba ka ga mutum ɗaya da ya yi kama da wanda ke tsoron mutuwa ba. Toulour kuwa ba ya neman ransu, yabo yake nema. Idan jarumai ba su damu ba, bos ba ya cizo, mai kallo ba shi da dalilin damuwa.

Akwai abin da ya faru a bayan fage da ke bayyana rabin matsalar. Ba don waɗannan mutane aka fara rubuta labarin ba. George Nolfi yana da wani rubutaccen labari nasa daban kan gasar manyan ɓarayi, sai aka ɗauko shi aka gyara don ya zama ci gaban Ocean's Eleven. Labarin gasa na mutum biyu ne, ko uku in an sa mai farautarsu. Yanzu an ɗora masa taron mutane, kowanne tauraro, kowanne sai an nemo masa abin yi. Shi ya sa Frank, wanda Bernie Mac ya fito a matsayinsa, aka kama shi tun a Amsterdam ya ƙare yawancin fim ɗin a tsare. Yen aka cusa shi cikin jaka lokacin da suke sulalewa daga otal cikin kayan 'yan ƙwallon Arsenal, jakar ta ɓata ta yi wani gari. Sauran suna zaune a ɗaki suna musu. Gwanayen da muka so saboda aikinsu, an hana su aiki.

Kada ka ɗauka ina cewa ado laifi ne. A fannin ado fim ɗin gwani ne, kuma ina koyar da wasu wurarensa. Soderbergh da kansa yake riƙe kyamarar fina-finansa, yana sa sunan Peter Andrews a matsayin mai ɗaukar hoto, kuma a nan ya saki hannunsa: kyamarar kafaɗa, zuƙowa kwatsam, tsayar da hoto cak, launin kowane gari daban, irin salon fina-finan Turai na shekarun 1960. Kiɗan da David Holmes ya haɗa yana cikin mafi daɗi da na ji a irin waɗannan fina-finai. Wurin da Vincent Cassel, wanda ya fito a matsayin Toulour, ke ratsa zaren hasken tsaro yana lanƙwasa yana juyi kamar mai rawa, da na'urar sauti a kunnensa, abin kallo ne na gaske. Amma ka lura da inda aka sa shi. A waiwaye ne, kuma ƙwan jabu yake zuwa ɗauka. Fitowar da ta fi kowace kyau a fim ɗin ba ta canja komai a labarin ba. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Kwatanta shi da Rififi, fim ɗin Faransa na 1955 da Jules Dassin ya shirya. A cikinsa akwai sata ta kusan rabin awa ba magana ba kiɗa. Mutane huɗu ne ke huda rufin shagon gwala-gwalai daga ɗakin sama. Da suka yi ƙaramin rami sai suka zura lema a naɗe suka buɗe ta daga ƙasa don ta tare ɓaraguzan kada su faɗi su tayar da ƙararrawa. Wannan ma salo ne, salo mai ƙarfi, amma kowane motsi a cikinsa aiki yake yi, kuma an riga an nuna maka cewa ƙaramin sauti zai iya hallaka su. Shekara saba'in ke nan ana koyi da wannan lema.

Batun Julia Roberts kuwa, wasu suna ganin shi ne abin dariyar da ya fi kowane. Ni ina ganin nan ne fim ɗin ya juya wa mai kallo baya. A lokacin tana da juna biyu da gaske, aka sa cikin a labarin. Barkwancin yana aiki ne kawai ga wanda ya san taurarin da rayuwarsu. Kai da ke Mabera kana bin labari da zuciya ɗaya, an fitar da kai daga cikinsa an ce ka tuna cewa duk waɗannan attajiran 'yan wasa ne da ke shaƙatawa a Turai. Haka ma wurin da suke magana da dillalinsu na Amsterdam cikin zaurancen da ba shi da ma'ana, Linus ya rasa gane komai. Su suna jin daɗin junansu, wannan a bayyane yake. Mai kallo ne aka bari a bakin ƙofa.

Me ya sa aka yi shi haka? Na farko an kashe masa kimanin dala miliyan 85 ya kawo sama da miliyan 450. Duk kamfanin da ya ga wannan zai nemi na biyu ko labari ya nuna ko bai nuna ba. Na biyun an kashe kimanin miliyan 110, ya kawo sama da miliyan 360 kaɗan. Bai faɗi a kasuwa ba, sunan na farko ya sayar da shi. Amma dubi abin da suka yi a Ocean's Thirteen na 2007: suka koma Las Vegas, suka koma gidan caca ɗaya, suka kawo bos mai cizo, Al Pacino a matsayin Willy Bank, suka ba ƙungiyar dalili mai sauƙin fahimta, wato ramuwa saboda an cuci Reuben har ciwon zuciya ya kwantar da shi. Kowa ya koma bakin aikinsa, kuma an nuna shirin a fili. Bai kai na farko ba, amma ka kalle shi, za ka ga mutanen da suka ji koken masu kallo.

Wani abu da ya shafe mu musamman. Mu nan sata da caca duka abin ƙi ne a addini da al'ada, kuma marubucin da zai sa mai kallonmu ya bi bayan ɓarawo sai ya yi aiki ninki biyu. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda da tatsuniyar Gizo muka tashi. Amma ka tuna yadda kakanninmu ke bayar da ita: ana gaya wa yara dabarar Gizo tun yana ƙulla ta da Ƙoƙi, wanda zai yi wa wayon kuma ya fi shi ƙarfi, Zaki ne ko Kura, sau da yawa ma wayon kan koma kansa. Yara suna cikin sirrin, shi ya sa suke dariya tun kafin Kura ta faɗa. Ocean's Eleven ya bi wannan tsari, ya sa wanda aka yi wa satar ya fi ɓarayin mugunta, ya sa mu cikin shawara. Na biyun ya cire mu daga shawarar, ya kuma rage muguntar abokin gaba, sai aka bar mu da attajiran ɓarayi suna gasar wa ya fi wani.

Wannan cuta ba ta Amurka kaɗai ba ce. Tun zamanin kaset da faifai muka saba da fim na ɗaya da na biyu, har na uku da na huɗu, yanzu kuma ga masu dogon zango a YouTube. Sau nawa zango na farko ya karɓu, na biyu ya zo da sababbin motoci, da gidan sama, da kyamara mai tashi tana shawagi a kan gari, da ɗinkuna kala-kala, amma matsalar da ta riƙe mu a farko an riga an warware ta, ba a kuma samo wata ba? Sai a cike gurbin da wani ɓoyayyen sirri da ake fasawa a fitowar ƙarshe, uba da aka ce ya mutu ya dawo, ko takardar gado ta ɓullo daga inda ba a taɓa ambata ba. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu a haka.

Tunda rubutu kake koyo, ga aikin da nake ba ɗalibaina, kai ma ka yi shi. Ka sake kallon fina-finan biyu da takarda da biro. Duk bayan minti goma ka tsayar, ka rubuta abu uku: me jaruman ke so yanzu, me zai same su in sun rasa, me ni mai kallo na sani game da shirinsu. A na farko za ka ga layukan uku suna cika har ƙarshe. A na biyu, daga isarsu Rum, layi na biyu da na uku za su zama fanko, ko kuma abin da ka rubuta ya zama ƙarya in an kai ƙarshe. Bayan nan ka ɗauko naka labarin ka yi masa haka. Duk inda ka shirya ba mai kallo mamaki, ka koma baya ka nemo fitowar da ka ajiye masa alama, in babu ka rubuta ta. In kana son ƙarin aiki, ka sake rubuta kashin Rum na Ocean's Twelve a shafi biyar, da sharaɗin mai kallo ya san da maganar jirgin ƙasan tun farko, Toulour ne kaɗai bai sani ba, kuma Isabel tana gab da ganowa. In ka gama ka turo mani in duba.